Shekara Ukun da Manaja Ya Zo Nema

Talata. Bayan sallar asuba na yi wa tumakin Ardo Jae allura a Ceberu. Biyu sun tsere, sai gobe.

Zuwa ga ɗiyata Inno,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ƙafarki lafiya, gwiwar nan ta hagu da ta dame ki bara ita ma lafiya. Allah ya tsare ki a fili da wajen fili, ya tsare ki a motar da ke kai ku wasa gari-gari. Mahaifiyarki na gaishe ki, ƙanwarki Saratu na gaishe ki. Kada layin da ke sama ya dame ki. Hannuna ya saba, kowace farar takarda na samu da aikin safe nake fara ta, sai da na rubuta na tuna ba littafina ba ne. Na bar shi don ban iya goge abin da na riga na rubuta ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Isiya direban motar albasa ne zai miƙa miki takardar hannu da hannu, shi ya gaya miki wanda ya haihu da wanda ya rasu. Ban kira ki ba kuwa don wayar da ke hannunki Manaja ne ya saya miki, ni kuma ban san iyakar abin da mai sayen waya yake iya ji ba. Saratu ta yi mini dariya, ta ce ba haka waya take aiki ba. Mai yiwuwa gaskiyarta. Duk da haka, ga takarda.

Ranar Alhamis Manaja ya zo Gwandu, shi mutumin nan da ya kai ki kulob ɗinku na Kudu, yake kuma tsaya miki a maganar kwantiragi. Ya zo da buhun shinkafa da turmin atamfa. Na ce a raina, mutumin da ya ɗauko shinkafa ya kawo Kabi, gidan shinkafa, ba shinkafar ce ta kawo shi ba. Muka zauna a zaure. Ya yabe ki har na fara jin nauyi. Ya ce tun da aka sa ki a tsaron baya ba a sake ajiye ki a benci ba, ya ce ko ƙwallon sama ko na ƙasa ba ya wuce ki.

"Baba," ya ce da ni, alhali in an bi sosai sa'ana ne, "'yarka katanga ce. Ƙarshen watan nan za a zaɓi 'yan ƙasa da shekara ashirin. Masu ɗaukar 'yan wasa zuwa waje a nan suke zuba ido. Matsala ɗaya ce, ƙarama."

Na ce, "Ta cika ashirin tun daminar da ta wuce."

Ya ce, "Ita ce ƙaramar matsalar."

Abin da yake so, in je kotu a matsayina na mahaifinki in yi rantsuwa cewa shekararki goma sha bakwai. Ya ce kowa haka yake yi, akwai shekarun gida, akwai shekarun ƙwallo. Na tambaye shi ko kin san da maganar.

"Ai ita ta aiko ni," in ji shi. "Kunyarka take ji."

Kin san abin da na ce masa? Na ce, "To, mu gani." Tun ranar nake jin haushin bakina. Shi ya sa na zauna in rubuta miki kurakuraina ɗaya bayan ɗaya, don ba ni da wata dukiya da zan ba ki da ta fi su yawa.

Na farko kin san shi sama-sama, yau ki san shi duka. Ina da shekara ashirin da biyu aka ce za a ɗauke ni aikin allurar dabbobi. Kawu Ladan, wan mahaifiyata, ya kama hannuna ya ce a rage mini huɗu. "Ka daɗe kana aiki kafin su sallame ka," ya ce. "Wa zai ƙirga? Uwarka?" Ba mugunta ya nufa ba, so ne irin nasa. Na bi shi, na ɗaga hannu, na rantse. Kafin azahar na dawo gida ɗan shekara goma sha takwas, ƙanena Sani ya zama yayana a takarda.

Shekara da shekaru ba abin da ya faru, sai da aka zo tantance ma'aikata. Wata mata mai tabarau ta jera takarduna a tebur, ta dubi ta firamare, ta dubi ta rantsuwa, ta ɗago kai. "Malam Umaru, a goye aka kai ka makaranta?" Ta ce in an bi takarduna, ina da shekara biyu na shiga aji ɗaya. Waɗanda ke layi a bayana suka fashe da dariya, ni ma na taya su. Sai da na koma na yi wata rantsuwar don ta tallafi ta farko. Ita rantsuwar ƙarya ba ta tsayawa da ƙafarta, kullum sai an nemo mata 'yar'uwa ta jingina.

Har yau in aka tambaye ni shekaruna, a asibiti ko a banki, sai na ɗan yi shiru ina tuna wanne ne mai tambayar yake nufi. Kin sha tambayata tun kina ƙarama me ya sa nake rubuta kome a littafi, har yawan tumakin da suka tsere. Ban taɓa ba ki amsa ba. A shekarar rantsuwar na fara. Na ga ina rikicewa a kan ranar haihuwata, sai na ce bari in samu wuri ɗaya a duniya inda kwanan wata ba ya motsi.

To, Inno, shawarata a nan ita ce: duk abin da za a rage miki don ki daɗe, ki tambaya wa zai riƙa ɗaukar ragowar. Kawu Ladan ya manta da maganar kafin sati ya zagayo. Ni ne nake ɗauke da shekara huɗun nan har yau, ba inda zan sauke su.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni, don wani ne ya sha wahalarsa. Kin san an san ni da duba haƙori. In ana gardamar shekarun sa a kasuwa, ni ake kira in buɗe baki in faɗa. Kina da shekara tara, Malam Garba na Kambaza ya zo sayen bijimin huɗa. Dillalin kuwa Ɗan'ige ne, abokina tun aji uku. Na hango ƙahon san yana sheƙi. Na san aikin: a kankare zoben ƙaho da fasasshiyar kwalba, a shafa mai, tsoho ya koma saurayi. Malam Garba ya ce, "Malam, duba mini wanga." Ɗan'ige ya dube ni ta gefen ido. Ban buɗe bakin san ba. Na shafa tozonsa, na zagaya bayansa, na ce, "Ba laifi."

Ki lura, ban ce yaro ne ba. Na daɗe ina lallashin kaina da wannan.

Ruwa ya sauka, aka shiga huɗa. A sati na biyu san ya kwanta a tsakiyar kunya, aka yi duka, aka yi lallashi, ya ƙi tashi. Aka aiko mini in zo da allura. Na tarar da Ardo Jae a gonar, ya durƙusa ya riga ya buɗe bakin. Haƙoran duk sun cinye sun koma kamar tsakuwa. Ya ɗago ya ce, "Malam Umaru, wanga sa ya girmi ɗiyarka. Mi kad duba, ƙaho ko baki?" Malam Garba ya kwance garmarsa ya ɗauka. Shekarar a makare ya yi shuka, geronsa bai yi ido ba. Har gobe in mun haɗu yana gaishe ni da kyau, ya tambayi iyali, amma ko akuya bai sake kawo mini ba. Ɗan'ige kuwa ranar da san ya kwanta yana wata kasuwar.

Abu biyu na koya. Na ɗaya, "ba laifi" da "mu gani" sun fi ƙarya kai tsaye ɓarna, don mai faɗinsu yana tafiya gida yana jin shi mai gaskiya ne. In a'a ce a ranki, ki faɗe ta da baki, da wuri, a gaban mai tambaya. Na biyu, in kin ga ana shafa miki mai ana zagaya ki gaban masu saye, ki tambayi kanki ina mai shafawar zai kasance ranar da kika kwanta a kunya. Gwiwa ba ta karanta takardar kotu. Ita ƙirgarta daban take yi.

Kada ki ce na haɗa ki da sa. Abin da na sani ke nan, da shi nake auna duniya.

Na uku ke na yi wa, kuma ban taɓa ba ki haƙuri ba. Lokacin kina zaune a Kalgo wurin Gwaggonki Asabe kina sakandare, magana ta iso ni cewa kina fita bayan la'asar da jaka, ba ki dawowa sai gab da magariba, tufafi duk ƙasa. Uban kirki sai ya kira ɗiyarsa ya tambaye ta. Ni sai na ce a gida an tura ni aikin allura, na hau mota na sauka Kalgo a ɗakin wani abokin aiki. Kwana uku ina bin ki a baya kamar ɓarawo. Yana nan a littafi: ta fita huɗu da kwata, ta bi ta bayan masallaci, ta tsaya ta ɗaure takalmi. Na yi zaton kome da kome, ban da abin da na tarar.

Fili ne a bayan gidajen ɗalibai, da tsakuwa da ƙaya. 'Yan matan jami'a suna wasa, ke ce ƙarama a cikinsu, da dogon wando da ɗankwali ɗaure tam. Wata mata mai usur tana jefo miki ƙwallo sama, kina tashi kina mayarwa da ka, ta sake jefowa, har na gaji da ƙirga. Na laɓe bayan darbejiya. A rana ta uku da aka busa usur na hutu, sai na ga kin nufo bishiyar da gorar ruwa a hannu.

Kika ce, "Baba, ga ruwa. Kwana uku kana tsaye."

Na ce, "Tun yaushe kika gan ni?"

"Tun ranar farko, a bayan masallaci. Aikina ke nan, Baba, in san wanda ke bayana."

Na karɓi gorar na sha ruwan. Ba ki yi fushi ba, wannan ya fi damuna. Kika zaunar da ni, kika tsinto 'ya'yan darbejiya kika jera a ƙasa kina nuna mini aikinki. Abu biyu ban manta ba. Kika ce mai tsaron baya ba ta kallon idon wadda ta ɗauko ƙwallo, ba ta kallon kafaɗarta, don da su ake ruɗi; ƙugu ake kallo, shi ba ya ƙarya. Na ce a raina, ashe sana'armu ɗaya, a bar ƙaho a duba baki. Kika kuma ce ku huɗun baya layi ɗaya kuke tsayawa, in za a matsa gaba don a kama abokiyar gaba da satar gida, tare ake matsawa. In mutum ɗaya ta yi jinkirin taku ɗaya, duk an tashi a banza.

Ki yafe mini kwana ukun nan. Abin da zan ce miki a kansu: zato ba laifi ba ne ga mai tsaron baya, da shi take cin abinci. Laifin shi ne ki riƙe zato a ciki ki ƙi tambaya, kina laɓe bayan bishiya kina rubutu. Ga shi kuwa yanzu na sake samun kaina a bayan bishiyar. Tun Alhamis nake juya maganar nan, "ita ta aiko ni." Wani lokaci in ce ƙarya yake yi, wani lokaci in ce yarinya ce, ta ga sa'o'inta suna wucewa. Don haka na fito fili ina tambayarki: ke kika aiko shi?

Kafin in gaya miki abin da ya faru jiya, ga wasu ƙanana da suka tsaya mini a rai. In gwiwar ta motsa ranar wasa aka ce a yi miki allura ki shiga, ki tambayi sunan maganin, ki ga kwalbar da idonki. Na san allurar da ake yi wa dabba ta miƙe ranar kasuwa, na kuma san yadda take wayewa washegari. Fasfonki da takardun makarantarki su zauna a jakarki, ba a motar kowa ba, kome kirkinsa. Kada ki sa hannu a takarda a tsaye. Wanda ya ce ba lokacin karantawa, ki ce masa ba lokacin sa hannu. Ruwan da aka miƙo miki a buɗe, ki yi godiya ki ajiye. Mahaifiyarki ta ce in na ci gaba a haka zan hana ki shaƙar iska. Ki tace, ki ɗauki wanda ya yi miki.

Yanzu na huɗu, wanda bai kwana biyu ba. Jiya Litinin Manaja ya dawo da mota, na shiga. Eh, na shiga. Na yi ta tuna yadda na tsaya miki a hanya a da, da yadda na yi wata uku kafin in yarda ki tafi Kudu. Na ce kada a wayi gari a ce ni ne katangar da ta tare ɗiyata. Na tambayi mahaifiyarki ra'ayinta, ta ci gaba da tankaɗe ta ce, "Ni dai kada a tambaye ni, don naƙudar ban manta ta ba."

Manaja ya ce Kalgo za mu, ba a nan ba. Na ce me ya sa. Ya ce can ya fi sauri. Na san dalilin: a Gwandu rabin gari sun ci naman sunanki. Na saka littattafai biyu a jaka, na shekarar da aka haife ki da na shekara uku bayanta. Ban san me ya sa na ɗauko su ba. Wataƙila yadda wasu ke ɗaukar sanda.

Kusa da kotun akwai shagon mai buga takardu a kwamfuta, da benci a ƙofa. Manaja ya tsaya a kan mai shagon yana faɗa masa, shi kuma yana bugawa. Ya ce rana da wata a bar su yadda suke, shekarar kawai za a taɓa, "don kada ku rikice a gida." Mai shagon ya ce, "Ɗiya ta nawa ce?" Manaja ya riga ni, ya ce ta fari. A nan na tuna 'ya'yan darbejiyarki. In aka matsa da ke shekara uku, layin namu wa da wa ke ciki? Ni, da mahaifiyarki da ta riga ta ce kada a tambaye ta, da Gwaggo Asabe da ba ta iya riƙe magana daga ɗaki zuwa tsakar gida, da takardar sakandarenki, da Saratu mai shekara goma sha takwas, wadda za ta kwana ƙanwa ta tashi yaya, ga ta tana neman shiga jami'a da takardunta na gaskiya. Wa zai busa mana usur mu matsa tare?

Na zauna a bencin na buɗe littafi na biyu, na nemo ranar da aka ce yanzu ita ce ranar haihuwarki. Ga abin da na tarar da hannuna:

"Asabar. Na tafasa sirinji. Inno ta cika uku. Ta harba ƙwaryar nonon da aka kawo daga ruga, duk ya zube. Uwarta ta bi ta da tsintsiya, ta ɓuya a bayana. Saratu ta fara tsayawa da bango."

Mai shagon ya miƙo takarda ya ce, "Malam, sa hannu nan a shiga ciki."

Na ce, "A'a."

Manaja ya yi dariya ya ce, "Baba, me ya faru kuma?"

Na ce, "Ranar nan shekararta uku. Tana zubar da nono."

"Wa ya san wannan?"

Na ce, "Ni."

Ya ja ni gefe, muryarsa ta sauka. Ya ce yana da 'yan mata goma da iyayensu za su sa hannu kafin azahar. Ya ce mai tsaron baya ba mai cin ƙwallo ba ce da za a zo nemanta har gida, in ba a gan ta a wannan zaɓen ba, sai ta tsufa a inda take. Ya ce in tuna ranar nan in na gan ki kin dawo Gwandu da jaka. Sannan ya ce, "Kai ma an ce ka taɓa yi, ga ka nan lafiya lau."

Na ce, "Ba lafiya lau nake ba."

Ya shiga motarsa ya tafi. Na tsaya a titi da jakar littattafai har na samu motar haya. Ko gidan Gwaggonki ban biya ba. A hanya na yi ta ƙirga waɗanda suka san maganar shekaruna: Kawu Ladan, Sani, mahaifiyarki, matar nan mai tabarau, da ke. Ban yanke hukunci ba. Na dai gaya miki sunanki na cikin ƙirgar, don na yi alkawarin daina laɓewa.

Inno, ban sani ba ko daidai na yi. Wannan ita ce gaskiyar. Mai yiwuwa duk abin da Manaja ya faɗa haka yake, a yi zaɓen ba ke, ya juya miki baya, ki yi shekaru kina tare ƙwallo a filayen da ba mai kallo. In haka ta faru, ni na jawo, kina da damar jin haushina, ba zan kare kaina ba. Ke kika gaya mini mai tsaron baya ta tare tara ba a tunawa, ta kuskure ɗaya a yi ta maimaitawa. To ni ma jiya na shiga tsakani, ban sani ba ko ƙwallon na taɓa ko ƙafa. Abin da na sani kawai, ba zan iya ɗora miki kayan da na yi shekara ashirin da biyu ina neman inda zan sauke ba. A'ar da ya kamata in faɗa ranar Alhamis a zaurena, sai da na kai ta Kalgo. Ke kada ki yi irin wannan jinkirin.

In ke kika aiko shi, ban yi fushi ba, amma ki gaya mini da kanki, in ji dalilinki daga bakinki. Amsata dai ba za ta canza ba. In ba ke ba ce, to ki san wanda ya yi magana da sunanki a zauren ubanki zai iya yi a ko'ina. Ki karɓo duk takardarki da ke hannunsa, cikin ladabi, ba faɗa. Ki sami mai horar da ku ki gaya mata shekarunki da bakinki, a gaban mutum biyu, tun kafin wata takarda ta riga ki isa.

A cikin ambulan ɗin nan akwai wani shafi a naɗe. Daga littafi na farko, na shekarar haihuwarki, na yage shi, kuma tun da na fara rubutu ban taɓa yage shafi ba. Za ki ga shekarar a sama. Za ki ga an rubuta, "Talata. Na kai maganin tsutsa Kambaza. Ruwa ya tare ni a hanya. Na dawo na tarar an sauka, mace." A ƙasan shafin, da wani biro daban, akwai cikakken sunanki da na koma na ƙara ranar suna. Sunan mahaifiyata ne, kin san bakina ba ya faɗinsa, nan ne kaɗai hannuna ya taɓa rubuta shi. Ba takardar kotu ba ce, ba ofishin da zai karɓe ta. Ki ajiye a jakar takalmanki. Ranar da wani ya tambaye ki shekarunki, ina so ki amsa ba tare da kin yi shirun nan nawa ba.

Allah ya tsare gabanki da bayanki. Allah ya raba ki da karaya da targaɗe da jan kati na zalunci. Ya haɗa ki da mutanen da bakinsu da cikinsu ɗaya ne, ya ba ki abin da yake rabonki a lokacin da yake naki. Ki riƙe salla ko a tasha. Ki ba Isiya amsa a rubuce, zai biyo ta wurinku in ya sauke kaya. Allah ya sada mu da alheri, amin.

Mahaifinki,
Umaru

Na gobe, Laraba:

Tumaki biyu na Ardo Jae da suka tsere.

A kai wa Isiya takardar kafin ya gama lodi. A hannunsa, ba hannun kowa ba.

Buhun shinkafa da atamfa: a nemo wanda zai mayar wa Manaja. Atamfar tana ƙasan akwati, sai an lallashi mai ita.

A je wurin Sani da Kawu Ladan. In baƙo ya zo da mota yana neman wanda zai yi rantsuwa a madadina, kada su sa hannu. A gaya wa Kawu sau biyu.

Littafi na farko, zaren ya kwance inda na yage. A ɗinke, a bar gurbin.

Saratu ta nuna mini yadda ake kallon wasa a waya. Asabar suna da wasa. Lamba biyar, ko tana fili ko tana benci.